Man kifi: Yadda ƙwayar 'kare zuciya' ta koma abin da hukumomin lafiya ke gargaɗi a kai

A kusan kowane babban shagon magani a Kano ko Kaduna ko Abuja, akwai kantar da aka jera kwalaben man kifi, wasu ƙwayoyi masu laushi, masu launin zinare, an rubuta Omega-3 a jikinsu. Ba a tambayar takardar likita kafin a sayar da su.

A WhatsApp da TikTok da Facebook kuwa, masu talla na cewa ƙwayar na wanke jijiyoyin jini, ta kaifafa ƙwaƙwalwar yaro, ta gyara ido, ta kawar da ciwon gaɓoɓi. Da yawa daga masu saye na ɗaukar ta a matsayin abinci, abin da in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba.

Sai dai hukumomin kula da magunguna a Turai sun daina kallonta haka.

A watan Satumban 2023, kwamitin sa ido kan illolin magunguna na Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai, EMA, ya yanke shawarar cewa a rubuta rikicewar bugawar zuciya a cikin jerin illolin da aka saba gani ga masu shan magungunan omega-3 da likitoci ke rubutawa. A watan Janairun 2024 takwararta ta Birtaniya, MHRA, ta fitar da irin wannan sanarwa ga likitoci, inda ta ce haɗarin na ƙaruwa gwargwadon yawan abin da mutum ke sha, kuma ya fi yawa ga mai shan giram 4 a rana.

Bayan wata huɗu, wani bincike da ya bi diddigin mutum fiye da 400,000 a Birtaniya ya nuna cewa batun ya shafi har da masu lafiya da ke sayen ƙwayar da kansu.

Me ya sauya? Kuma me hakan ke nufi ga mai saye a Najeriya?

Daga ina labarin ya faro?

Shaharar man kifi ta samo asali ne daga shekarun 1970, lokacin da wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Denmak, Hans Olaf Bang da Jorn Dyerberg, suka je tsibirin Girinlan suka nazarci jini da cimar al'ummar Inuit, waɗanda abincinsu ya ta'allaƙa ga kifi da naman dabbobin teku masu kitse.

Sun ga cewa jinin mutanen na ɗauke da wasu nau'o'in maiƙo guda biyu masu yawa, EPA da DHA, waɗanda su ne ake kira omega-3 na kifi. Suka danganta wannan da abin da ake faɗa a lokacin, cewa ciwon zuciya ya yi ƙaranci a tsakanin Inuit.

A 1999 wani babban gwaji a Italiya mai suna GISSI, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 11,000 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ya ƙara wa batun ƙarfi, domin an samu raguwar mace-mace a cikin waɗanda aka bai wa giram 1 na omega-3 a kullum. Daga nan kasuwa ta buɗe.

Amma a 2014 wasu masu bincike a Kanada sun sake duba tushen labarin, suka nuna cewa likitocin biyu ba su auna yawan ciwon zuciya a tsakanin Inuit da kansu ba, sun dogara ne ga rajistar asibiti da ta mace-mace a yankin da likita ke wuyar samu. Shi kuwa gwajin Italiya an yi shi ne kafin magungunan rage kolestarol na zamani su zama ruwan dare ga masu ciwon zuciya.

Manyan gwaje-gwaje sun sauya lissafi

Hanyar da masana suka fi amincewa da ita wajen gane ko magani na aiki ita ce a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a bai wa wasu maganin, wasu kuma a ba su ƙwayar da ta yi kama da shi amma babu maganin a ciki, sannan a bi su shekaru ana ƙirga abin da ya faru.

A 2018 sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje guda biyu ya fito.

Na farko, ASCEND, an yi shi a Birtaniya a kan masu ciwon suga 15,480, aka bi su sama da shekara bakwai. Waɗanda suka sha giram 1 na man kifi a kullum ba su fi sauran tsira daga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba.

Na biyu, VITAL, an yi shi a Amurka a kan mutum 25,871 waɗanda ba su da tarihin ciwon zuciya, aka bi su sama da shekara biyar. A nan ma jimillar manyan cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ba ta ragu yadda za a dogara da ita ba, haka ma cutar kansa.

A shekarar ce kuma ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta haɗa gwaji 79 da suka ƙunshi mutum sama da 112,000. Abin da ta samu shi ne ƙarin omega-3 ba ya yin wani tasiri na a-zo-a-gani a kan mace-mace ko ciwon zuciya.

Wannan ya sa a 2019 hukumar EMA ta tabbatar da matsayinta cewa magungunan omega-3 na giram 1 a rana ba sa hana sake samun toshewar jijiyar zuciya, ta kuma janye amincewar da ta ba su don wannan aiki.

Ko a ɓangaren ido, wani gwaji a Amurka mai suna DREAM, wanda shi ma ya fito a 2018, ya nuna cewa masu bushewar ido da suka sha man kifi na shekara guda ba su fi waɗanda aka bai wa man zaitun samun sauƙi ba.

Mene ne rikicewar bugawar zuciya?

Zuciya na da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. A ƙa'ida na sama ke matsawa su tura jini ƙasa, na ƙasa su harba shi zuwa huhu da sauran jiki, bi da bi, kamar kiɗan da ba ya kuskure.

A cutar da likitoci ke taƙaitawa da AF, ɗakunan sama kan daina matsawa yadda ya kamata, su riƙa karkarwa. Bugawar zuciya sai ta rikice, wani lokaci da sauri, wani lokaci da tsallake.

Mai ita kan ji faɗuwar gaba ba dalili, ko zuciya na dukan uku-uku, ko jiri, ko haki, ko kasala. Wasu kuma ba sa jin komai, sai an yi musu gwajin ECG ake ganowa.

Abin tsoron shi ne jinin da ya kwanta a ɗakin da ba ya matsawa kan daskare ya zama gudaji. Idan gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, sai ya toshe jijiya. Shi ya sa mai wannan cuta ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau biyar wajen haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Alƙaluman da suka ja hankalin hukumomi

A watan Janairun 2020 kamfanin AstraZeneca ya dakatar da wani gwaji mai suna STRENGTH, wanda ya ƙunshi mutum 13,078 masu haɗarin ciwon zuciya, bayan da aka ga babu alamar maganin zai yi amfani. An riƙa bai wa rabinsu giram 4 na omega-3 a kullum, sauran kuma man masara.

Da aka fitar da sakamakon, kashi 2.2 cikin 100 na masu shan omega-3 sun kamu da rikicewar bugawar zuciya, su kuwa masu man masara kashi 1.3 ne. Wato a cikin kowane mutum 1,000, an samu 22 a wannan gefen, 13 a wancan. Ƙarin mutum tara ke nan, ba tare da wata riba ga zuciya ba.

A 2021 mujallar Circulation ta wallafa nazarin da ya haɗa manyan gwaje-gwaje bakwai masu ɗauke da mutum 81,210. Gaba ɗaya, haɗarin kamuwa da cutar ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 ga masu shan omega-3. Ga masu shan giram 1 ko ƙasa da haka, ƙarin kashi 12 ne. Ga waɗanda suka haura giram 1 kuwa, ya kai kashi 49.

Sai kuma binciken da mujallar BMJ Medicine ta wallafa a watan Mayun 2024, ƙarƙashin jagorancin masana daga Jami'ar Sun Yat-sen ta ƙasar Sin. Sun yi amfani da bayanan mutum 415,737 'yan shekara 40 zuwa 69 a Birtaniya, waɗanda aka bi kusan shekara 12. Kusan kashi ɗaya bisa uku sun ce suna shan man kifi a kai a kai.

A cikin waɗanda ba su da ciwon zuciya tun farko, masu shan man sun fi sauran kamuwa da rikicewar bugawar zuciya da kashi 13 cikin 100, sun kuma fi su samun shanyewar ɓarin jiki da kashi 5.

A cikin waɗanda dama suna da ciwon, labarin ya juya. Masu shan man sun fi sauran tsira daga toshewar jijiyar zuciya bayan rikicewar bugawarta da kashi 15, kuma mutuwa bayan gazawar zuciya ta ragu da kashi 9.

Wannan bincike na lura ne kawai, ba a raba mutane da ƙuri'a ba, don haka ba zai iya tabbatar da cewa man ne ya jawo cutar ba. Ba a kuma rubuta irin ƙwayar da kowa ke sha ko yawanta ba, sannan mafi yawan mutanen Turawa ne. Ƙarfinsa ya zo ne daga yadda ya dace da abin da gwaje-gwajen asibiti suka riga suka nuna.

Ya kamata a fahimci alƙaluman da kyau. Ƙarin kashi 13 ba ya nufin mutum 13 cikin 100 za su kamu. Yana nufin idan a ce mutum 100 ne za su kamu a wani taron jama'a, sai su zama 113. Ga mutum ɗaya haɗarin ƙarami ne. Tambayar ita ce me mai lafiya ke samu a madadin wannan haɗari, tunda gwaje-gwajen ba su nuna masa wata kariya tabbatacciya ba.

Akwai waɗanda yake yi wa amfani

Duk da haka, omega-3 na da gurbinsa a asibiti.

Akwai wani maiƙo a cikin jini da ake kira tiragilisarayid. Idan ya yi yawa ƙwarai yana iya kumbura gaɓar da ke samar da sinadarin insulin, ciwon da kan kai ga kwanciya a asibiti. Giram 4 na omega-3 a rana na rage wannan maiƙo da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma saboda haka ne Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da nau'in da likita ke rubutawa tun 2004.

Akwai kuma gwajin REDUCE-IT na 2018, wanda ya ƙunshi mutum 8,179 masu ciwon zuciya ko ciwon suga, waɗanda dama suna shan maganin kolestarol amma maiƙon jininsu bai sauka ba. An ba su tataccen EPA zalla, mai suna Vascepa, giram 4 a rana, aka samu raguwar manyan matsalolin zuciya da kashi 25 cikin 100.

Ko a nan ma an biya farashi. Kashi 3.1 na masu shan maganin sun kwanta asibiti saboda rikicewar bugawar zuciya, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 2.1. Wasu masana kuma na ja da sakamakon, suna cewa man ma'adinin da aka bai wa rukunin gwadawa ya ɗaga musu kolestarol, abin da ka iya sa maganin ya fito da kyau fiye da yadda yake.

Ga masu juna biyu, nazarin Cochrane na 2018 da ya haɗa gwaji 70 ya nuna omega-3 na rage haihuwar bakwaini, musamman wadda ke zuwa kafin mako 34.

A gwajin VITAL ma an ga wani abu da ya shafi baƙar fata: a cikin Amurkawa baƙaƙe fiye da 5,000 da suka shiga, da kuma waɗanda ba sa cin kifi sosai, toshewar jijiyar zuciya ta ragu ƙwarai. Masu binciken da kansu sun ce wannan sakamako ne na gefe da ke buƙatar wani gwajin ya tabbatar da shi kafin a gina shawara a kansa.

Abin lura shi ne ƙwayar kanta ta bambanta da ta asibiti. Kafso na gama-gari da aka rubuta miligiram 1,000 a jikinsa yawanci yana ɗauke da EPA miligiram 180 da DHA 120 ne kacal, jimilla 300. Sauran wasu nau'o'in maiƙo ne. Wanda ya ji labarin REDUCE-IT ya je ya sayi kwalba a kemis, ba abin da aka gwada ya saya ba.

Zubar jini da sauran illoli

Omega-3 na rage yadda ƙwayoyin da ke daskarar da jini ke mannewa da juna. Ga mafi yawan mutane wannan ba ya haifar da matsala, kuma nazarce-nazarce na baya-bayan nan sun nuna haɗarin bai kai yadda aka yi tsoro da farko ba. Amma a gwajin REDUCE-IT, zubar jini mai tsanani ya kai kashi 2.7 ga masu shan maganin, sauran kuma kashi 2.1.

Don haka mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko clopidogrel ko asfirin, da wanda za a yi wa tiyata, da mai gyambon ciki da ya taɓa zubar da jini, bai kamata su ɓoye wa likita cewa suna shan man kifi ba. Marasa lafiya da dama ba sa ambaton sa idan an tambaye su magungunan da suke sha, saboda ba su ɗauke shi magani ba.

Nau'in da ke ɗauke da DHA mai yawa kan ɗan ɗaga mugun kolestarol, wanda ake kira LDL, ga wasu mutane.

Illolin da aka fi gani yau da kullum su ne gyatsa mai ƙarnin kifi, ƙwannafi, tashin zuciya, kumburin ciki da gudawa. Wanda jikinsa ba ya karɓar kifi kuma, ya kamata ya nemi shawara kafin ya gwada.

Man hantar kifi, jarirai da masu juna biyu

A gidaje da yawa a Najeriya, man kifin da aka fi sani shi ne na ruwa da ake ɗura wa yara da cokali don su yi ƙiba ko ƙashinsu ya yi ƙwari. Wannan daga hantar kifi ake tatso shi, kuma ya bambanta da sauran domin yana ɗauke da bitamin A da D masu yawa.

Jiki ba ya fitar da rarar bitamin A ta fitsari, a hanta yake tara shi. Iyakar da masana a Amurka suka gindaya wa babba ita ce maikirogiram 3,000 a rana, ga yaron da bai wuce shekara uku ba kuma 600. A jadawalin sinadaran abinci na ma'aikatar noma ta Amurka, babban cokali ɗaya na man hantar kifi na ɗauke da kimanin maikirogiram 4,000, ƙaramin cokali kuma kusan 1,350. Kamfanoni da dama na rage adadin a kayansu, shi ya sa karanta jikin kwalba ke da muhimmanci.

A Najeriya kuma yaro na samun bitamin A ta wasu hanyoyin. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara shi a man girki da sukari da fulawa, sannan a Makon Lafiyar Mata da Yara ana ɗiga wa yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar mai ƙarfi a baki. Ƙarancin bitamin A matsala ce ta gaske a ƙasar, kuma waɗannan shirye-shirye na ceton ido da rayuka. Amma ɗora cokalin man hanta kullum a kansu, ba tare da ma'aikacin lafiya ya sani ba, na iya ƙetare iyaka. Alamomin yawansa sun haɗa da amai, rashin cin abinci, ciwon kai, bushewar fata da kumburin maɗiga ga jariri.

Akwai wani haɗarin na daban. Idan aka ɗura wa jariri mai yana kuka ko yana kwance, man na iya bi ta maƙogwaro ya shiga huhu, ya haifar da wani nau'in ciwon huhu mai wuyar ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce nonon uwa zalla ya ishi jariri har wata shida.

Ga mai juna biyu, yawan bitamin A irin na hanta na iya jawo wa ɗan tayi nakasa, musamman a watannin farko. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta fito fili ta ce masu ciki su guji man hantar kifi. Matar da ta ji cewa omega-3 na hana haihuwar bakwaini ta je ta sayo na hanta, ta ɗauko abin da aka hana ta ne.

Zafi da ajiya

Omega-3 maiƙo ne mai saurin lalacewa. Zafi da haske da iska na ruɓar da shi, ya yi wari, ya rasa wani ɓangare na abin da aka saye shi dominsa.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Auckland ta Niyu Zilan sun gwada nau'i 32 na man kifi da ke kasuwar ƙasar. Uku ne kawai suka cika adadin EPA da DHA da aka rubuta a jikinsu, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 sun zarce ma'aunin lalacewa da aka amince da shi. Masu masana'antar sun musanta sakamakon, amma binciken ya tayar da muhawarar da har yau ba ta mutu ba.

Wannan a ƙasa mai sanyi ke nan. Yawancin kwalaben na ɗauke da umarnin a ajiye su a ƙasa da digiri 25 ko 30. A Sakkwato da Maiduguri da Kano, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ga shagunan rufin kwano, ga rashin wutar lantarki, ga kwanakin da kaya ke yi a kwantena da bayan tirela daga Legas.

Matsalar ajiya na cikin dalilan da hukumomi suka bayar a watan Fabrairun 2024 lokacin da suka rufe shagunan magani a Sabon Garin Kano don mayar da 'yan kasuwar cibiyar Dangwauro. A Fabrairun 2025 ma, da NAFDAC ta kai samame kasuwannin magani na Idumota da Anaca da Aba, ta bayyana cewa ta tarar da magunguna jibge a wurare masu zafi marasa iska.

Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a fasa kafso ɗaya a shinshina. Mai kyau ƙarninsa kaɗan ne. Idan ya yi ɗoyi ko ɗaci, ko ƙwayoyin sun manne da juna, a zubar. Waɗanda aka sa wa ƙamshin lemo kan ɓoye warin.

Talla ta fi hujja gudu

A Amurka, inda ake yin kaso mai yawa na waɗannan kayayyaki, dokar 1994 ta ware kayan ƙarin abinci daga magunguna, ta yadda kamfani ba ya buƙatar ya tabbatar wa FDA cewa kayansa na aiki kafin ya kai su kasuwa.

Wani nazari da mujallar JAMA Cardiology ta wallafa a 2023 ya duba rubutun jikin kwalaben man kifi 2,819, ya samu kusan kashi 74 cikin 100 na ɗauke da wani iƙirari na lafiya, mafi yawa game da zuciya, kuma akasarinsu da kalmomi masu harshen damo irin su "yana tallafa wa zuciya".

A Najeriya lambar NAFDAC na nuna an yi wa kaya rajista, kuma ana iya duba ta a manhajar Greenbook ta hukumar. Amma lambar ba shaida ba ce cewa kayan na warkar da duk abin da mai talla ya lissafa a bidiyo.

A nan ne babban haɗarin yake ga 'yan Najeriya. Kimanin mutum ɗaya cikin manya uku a ƙasar na da hawan jini, da yawa ba su sani ba, kuma hawan jini na kan gaba a abubuwan da ke jawo rikicewar bugawar zuciya.

Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankin na da nasaba da hawan jini. Ciwon suga, yawan gishiri da ƙarancin cin ganye na cikin sauran dalilan da ya lissafa.

Magidancin da tsadar magani ta ishe shi, ya ajiye maganin hawan jininsa ya koma wa man kifi saboda an ce masa na halitta ne, ya bar abin da aka tabbatar yana kare shi ya kama abin da ka iya ƙara masa wata matsalar. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kifin kansa fa?

Gargaɗin hukumomin bai shafi cin kifi ba. Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka na ba da shawarar a ci kifi sau biyu a mako, ita kuwa NHS ta ce ɗaya daga ciki ya kasance mai maiƙo, kimanin giram 140. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ƙiyasta buƙatar babba a kan miligiram 250 na EPA da DHA a rana, abin da wannan cin ke iya samarwa.

Kifayen da suka fi wannan maiƙo suna nan a kasuwa: Titus, shawa, kote da sadin na gwangwani. Tarwaɗa da karfasa ba su kai su ba, amma suna ba da furotin mai kyau. Dafawa a miya ko gasawa ya fi soyawa a man da aka yi ta maimaitawa.

Wanda likita ya rubuta wa omega-3 saboda maiƙon jini ko ciwon zuciya, kada ya daina da kansa, ya koma ya tattauna da likitan. Wanda ke sha ya fara jin zuciyarsa na tsalle ko haki ko jiri, ya dakata ya je a yi masa ECG. Shawarar MHRA ga likitoci ita ce duk wanda aka tabbatar ya kamu da cutar a tsayar masa da maganin gaba ɗaya.

Mai juna biyu ta kai kwalbar wurin awo a duba mata kafin ta sha. Uwa kuma ta tambayi ma'aikaciyar lafiya kafin ta ɗura wa jariri.

Shi kuwa mai lafiyar da ke sayen kwalba duk wata don rigakafi, abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne kuɗin zai fi yi masa amfani idan ya auna hawan jininsa da sugansa, ya sayi kifi da zogale ya kai gida.